Bishara a Ƙofar Gida: Nasiha ga Matasan Ikkilisiya

Yaron da aka haifa a Sabon Tasha ko Narayi a shekarar 2000 yanzu ya isa aure, kuma mai yiwuwa ne bai taɓa zama katanga ɗaya da Musulmi ba. Haka tsaransa na Rigasa ko Tudun Wada ya girma bai taɓa jin waƙar sujada tana fitowa daga gidan maƙwabta da asuba ba. Rikicin watan Fabrairu na 2000, da wanda ya biyo baya a Nuwamba 2002, su suka sa mutanen Kaduna suka kwashe kayansu, kowa ya nufi inda nasa suka fi yawa, har kogi ya zama iyaka tsakanin kudu da arewa. Jos ma tun daga Satumba 2001 haka ta rabu: Unguwar Rogo ta waɗannan, Unguwar Rukuba ta waɗancan.

Iyayen waɗannan matasa ba haka suka tashi ba. A gidan haya ɗaya za a sami malamin makarantar allo da mawaƙin coci, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ranar Layya nama ya tsallaka ɗaki, ranar Kirsimeti shinkafa ta rama ziyara. Wannan zaman ne ya yi ƙaranci, kuma shi ya sa maganar yi wa maƙwabci shaidar Almasihu ta zama abin da matasa da yawa suke ji a bakin fasto ranar Lahadi, su amsa da amin, amma ba su san ta inda za su fara ba. Wanda bai san mutum ba, bai san sunan 'ya'yansa ba, bai taɓa zuwa yi masa ta'aziyya ba, da wane baki zai yi masa maganar ransa?

Duk da haka maƙwabta ba su ƙare ba, wuri kawai suka sake. Suna ɗakin kwanan ɗalibai a Samaru da Gidan Kwano, suna sansanin bautar ƙasa, suna rumfa ta gaba a kasuwa, suna garejin da matashi yake koyon gyaran mota. Ba kuma Musulmi kaɗai ake nufi ba. Akwai Bamaguje mai bin al'adar kakanni. Akwai wanda sunansa Bitrus ko Rifkatu, an yi masa baftisma tun yana yaro, amma rabonsa da majami'a tun bikin yayarsa, ƙwaya da caca sun riƙe shi. Sau da yawa wannan na ƙarshe shi ne ya fi kusa, shi ne kuma aka fi mantawa da shi.

Dokar ƙasa ba ta hana kowa ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowane mutum 'yancin riƙe addininsa, da sauya shi, da yaɗa shi. Mai bin Almasihu kuwa ba ya ɗaukar shaida a matsayin izinin da gwamnati ta ba shi. Umarnin Ubangijinsa ne. Abin tambaya shi ne yadda za a yi ta a wurin da mutum zai wayi gari gobe ya sake haɗuwa da wanda ya yi wa magana jiya. Mai wa'azin da ya zo daga nesa yana naɗe tabarmarsa ya hau mota. Maƙwabci yana nan.

Tarihin bishara a ƙasar Hausa yana da abin koya wa mai gaggawa. A 1900 ayarin mishan na CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suka riƙa kira Likita Mila. Ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, yana ba da magani, yana koyar da yara karatu, yana ƙara gogewa da Hausa har ya zama ana kafa misali da shi. Shekara fiye da ashirin ya yi a can kafin mishan ta koma Wusasa, kuma waɗanda suka karɓi bangaskiya a hannunsa ba su da yawa. Wanda yake auna aiki da yawan hannuwan da aka ɗaga a taro zai ce wahalar banza ce. Amma daga wannan ƙaramar jama'a aka sami Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta, kuma asibitin koyarwa na Kaduna yake ɗauke da sunansa. Daga nan aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa Yakubu Gowon ya tashi, a gidan mahaifinsa Yohanna, mai bishara ɗan ƙabilar Ngas.

Abu biyu daga Wusasa sun cancanci matashi ya tsaya ya dube su. Na farko majami'ar St Bartholomew da aka gina a 1929 da ƙasa, a bisa tsarin ginin Hausa, wadda har yau tana tsaye. Bazazzagin da ya shiga cikinta bai ji an kai shi Ingila ba. Na biyu Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, Miller yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassararsa. Wannan littafi ne ya zama na ikkilisiyoyin Filato da kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa, har sunayensu ma na Hausa ne, kamar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ta faro a Garkida a 1923. Abin takaici ne a ce jikokin waɗanda suka haddace ayoyi da Hausa yau suna iya cinikin tumatir da harshen, amma idan aka zo maganar ceto sai su juye Turanci, da kalmomin da ko a coci ba kowa ke gane su ba. Tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin layi ba za ta ji wannan ba. Matashin da yake da niyyar shaida ya nemi Littafi Mai Tsarki na Hausa, ya riƙa karanta shi da murya, har bakinsa ya saba.

Ba Turawa ne suka kai bishara yawancin ƙauyuka ba. Masu bishara 'yan ƙasa ne, waɗanda suka tafi da fartanya da iyali, suka roƙi gona a wurin mai gari, suka yi noma tare da mutane, matansu suna karɓar haihuwa suna koya wa yara baƙi. Haka aka shiga garuruwan Maguzawa na ƙasar Kano da Katsina da Zazzau. A farkon shekarun 1960 kuma aka kafa Sabon Rai Don Kowa, wanda Gerald Swank na mishan ɗin SIM yana cikin waɗanda suka assasa shi, da tunanin cewa shaida ba aikin fasto kaɗai ba ne. Aka kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, mutum kaɗan su taru su ambaci maƙwabtansu da suna a gaban Allah, sannan su fita bibbiyu. Manoma ne da masu ɗinki da matan Zumunta. Ƙarfin wannan tsari yana cikin abin da ya sa a gaba: kafin a yi wa mutum magana game da Allah, an daɗe ana yi wa Allah magana game da shi. Wanda ya yi wata uku yana yi wa maƙwabcinsa addu'a da suna, da wuya ya iya yi masa magana da raini.

Sai kuma hali, wanda a unguwa ba ya ɓoyuwa. Mai shago ya san wanda ya ci bashin sabulu ya sauya hanya. Mai gidan haya ya san wanda yake kawo 'yan mata ɗaki. Abokan aiki sun san wanda ake haɗa baki da shi a ƙara sifili a takardar kuɗi. Idan wannan mutumin ne ya fito da ƙasidar bishara daga aljihu, sunan Almasihu ya jawo wa zagi. Ba a ce sai matashi ya zama marar aibi kafin ya buɗe baki ba, don da haka ne da ba wanda zai yi magana. Amma wanda ya yi laifi ya je ya ce, "Malam, na yi maka ba daidai ba, ka yafe mini," ya biya abin da ake binsa, ya riga ya nuna wani abu na tuba da gafara wanda wa'azin awa guda ba zai nuna ba.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A je suna, a je ɗaurin aure, a je gaisuwar mutuwa a zauna a kan tabarma tare da kowa. A gai da dattijo yadda ake gai da shi, a rusuna, a ce "Baba, ina kwana," a cire takalmi a bakin zaure. Saurayi ba ya kutsa kai gidan matan aure da sunan bishara. Wannan aikin 'yan mata ne da iyaye mata, kuma sun fi shi iyawa. A watan azumi ba a tsaya gaban mai azumi ana shan ruwan sanyi ana tsokanarsa. Akwai wata tsohuwar al'ada da ya kamata matasa su riƙe: Kiristoci da yawa a Arewa sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu kaza ko akuyar Kirsimeti, domin idan an dafa kowa ya ci da kwanciyar rai. Wasu matasa masu zafin kai suna ganin wannan sassauci ne. Ba sassauci ba ne, ƙauna ce da ta yi tunanin wanda za a kai wa kwanon. Game da naman Layya kuwa, masu bi sun sha bamban, kowa da lamirinsa. Wanda zai ci ya ci da godiya. Wanda ba zai ci ba, kada ya mayar da kwano a gaban yaron da aka aiko, kada kuma a ga naman a bola.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne baki. A watan Maris 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, taron ɗalibai Kiristoci ya rikiɗe ya zama faɗa bayan da aka zargi mai wa'azi da taɓa Alƙur'ani da Annabi. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone majami'u fiye da ɗari da wasu masallatai, aka rasa rayuka. A Oktoba 1991 shirin babban taron Reinhard Bonnke a Kano, da tallarsa da ta cika gari, ya ƙare da zubar da jini tun ba a fara wa'azin ba. A Mayu 2022 aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Sakkwato kan saƙon murya da ta tura a zauren WhatsApp na ajinsu.

Dole a faɗi wannan a fili: babu maganar da ta halatta kisa. Wanda ya ɗauki dutse ko ashana shi ne mai laifi, kuma hakkin hukuma ne ta hukunta shi. Ba a ɗora wa wanda aka kashe alhakin mutuwarsa. Amma matashi mai bi yana zaune a wannan ƙasa, ba wata ba, kuma ya kamata ya san cewa baki shi ke yanka wuya, wani lokaci ma wuyan wanda bai ji ba bai gani ba, a wani gari mai nisa. Ko da babu haɗari ko kaɗan, zagin abin da mutum yake girmamawa ba bishara ba ne. Ba a aiki Kirista ya kushe annabin kowa ba. An aike shi ya ba da labarin Yesu. Manzo Bitrus, a sura ta 3 ta wasiƙarsa ta fari, ya haɗa shirin ba da amsa da tawali'u da girmamawa, kuma amsa tana zuwa ne bayan tambaya. Muhawarorin da ake yankowa ana yaɗawa a Facebook da TikTok, inda ake murnar an ƙure wani malami, suna ƙara wa masu kallo girman kai ne kawai. Da wuya a sami wanda ya bi Almasihu domin an kunyata shi a gaban jama'a.

Haka batun lasifika. Majami'ar da ta juya amsa-kuwwa zuwa gidajen mutane ta kwana tana kiɗa, mai jinya bai runtsa ba, ɗalibi bai yi karatu ba, ta rufe kunnuwan da take so su ji. Cewa wasu ma suna yi ba hujja ba ce.

To, yaushe za a yi magana? Domin akwai kuskure na biyu, wanda ya fi yawa a tsakanin masu hankali: a yi shekara goma ana zaman lafiya da mutum, ana cin abinci tare, amma bai taɓa jin dalilin begen abokinsa ba, saboda tsoro ko kunya. Wannan ma rashin gaskiya ne a abota. Dama tana zuwa da kanta. Abokin ɗaki zai ga ana karatu da safe ya ce, "Wai me kake karantawa kullum?" Maƙwabciya za ta zo da damuwar ɗanta da ke kwance, a ce mata, "Mama, kin yarda in yi masa addu'a cikin sunan Yesu?" Idan ta ce a'a, a girmama a'arta, a raka ta asibiti. Wani zai tambaya me ya sa aka yafe wa wanda ya yi cuta. A nan matashi ya faɗi abin da ya sani da bakinsa: yadda yake dā, abin da Almasihu ya yi masa, abin da mutuwarsa da tashinsa suke nufi a gare shi. Gajere, ba ƙari, ba ƙirƙirar mu'ujizar da ba ta faru ba.

Tambayoyi masu nauyi za su zo, kuma kusan kullum su ne dai: ko Kiristoci alloli uku suke bauta wa, yaya za a ce Allah yana da ɗa, ko an sauya Linjila, ko da gaske an gicciye Isa. Maƙwabci Musulmi ba baƙo ba ne ga sunan Isa ɗan Maryamu. Ya san shi tun yana makarantar allo, yana kuma girmama shi. Saboda haka a saurare shi ya gama faɗin abin da ya gaskata, kada a faɗa masa abin da ake zato ya gaskata. Matashin da bai taɓa karanta ko Bishara ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, ya fara da wannan kafin ya nemi littattafan muhawara. Idan aka yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa, ya ce zai tambayo, ya je wurin fasto ko dattijo, ya kuma dawo da amsar kamar yadda ya yi alkawari.

Taimako kuma kada ya zama tarko. Asibitin Galmi da SIM ta buɗe a 1950, a kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi, ya shafe shekara fiye da saba'in yana karɓar marasa lafiya daga Nijar da Nijeriya, mafi yawansu Musulmi, kuma kowa ya san asibitin Kiristoci ne. A ƙasar Maraɗi kuma, a shekarun 1980, Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, ya yi aiki da manoma kan barin kututturan da ke gona su toho, a rage rassan a bar masu ƙarfi. Dabarar ta bazu daga manomi zuwa manomi har miliyoyin itatuwa suka dawo a kudancin Nijar, aka kuma ba shi lambar Right Livelihood a 2018. Itatuwan sun yi wa kowa inuwa, ba a tambayi addinin mai gona ba. Wanda ya biya wa ɗan maƙwabci kuɗin makaranta da sharaɗin sai ya zo coci, ciniki ya yi, kuma mutane suna gane ciniki. Idan alheri ya tsaya ranar da mutum ya ce ba zai bi ba, dama can ba alheri ba ne.

Matashi ya kuma koyi karɓar alheri, kada ya ɗauka shi kaɗai ne mai bayarwa. Ranar 23 ga Yuni 2018, da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar, dattijo mai shekara fiye da tamanin, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Da aka tambaye shi dalili, cikin abin da ya ambata har da cewa Kiristocin wurin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin shekaru da yawa da suka wuce. A Kaduna, Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa na dama a wani rikici a 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin nan, sun haɗu a 1995 suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai. Fasto bai daina zama fasto ba, liman bai daina zama liman ba, kowannensu yana faɗin abin da ya gaskata a gaban ɗayan. Wanda ya san irin waɗannan mutane ba zai riƙa kallon maƙwabcinsa kamar abokin gaba da za a ci da yaƙi ba.

Akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Ba a jan yaro ƙarami a ɓoye wa iyayensa, ba a amfani da soyayya ko alkawarin aure a ja yarinya. Kiristocin Arewa sun daɗe suna kuka idan aka yi wa 'ya'yansu mata haka, kuma kukansu gaskiya ne; saboda haka bai kamata a same su da irin wannan aiki ba.

Idan kuwa babban mutum mai hankalin kansa ya ce yana so ya bi Almasihu, matashi ya san cewa abin da shi ya samu a gadon haihuwa, wannan zai saye shi da tsada. Mai yiwuwa a raba shi da matarsa da 'ya'yansa, a hana shi gado, a kore shi daga rumfarsa, wani lokaci ransa ma yana cikin haɗari. Ba a ɗaukar hotonsa a sa a intanet, ba a tsayar da shi gaban ikkilisiya ranar Lahadi ta farko domin a yi tafi. Shi ne zai zaɓi ranar da zai faɗa wa danginsa da yadda zai faɗa, a kuma ƙarfafa shi ya ci gaba da girmama iyayensa da yi musu hidima fiye da dā. Matashi ya kai maganar wurin fasto da dattawa biyu ko uku masu riƙon asiri, su zauna tun kafin baftisma su amsa tambayoyin da za su taso: wa zai ba shi ɗaki idan aka kore shi, wa zai koya masa sana'a ko ya ba shi jari, wa zai riƙa karatu da shi kowane mako, a gidan wa zai ci abinci ranar Sallah idan kewar gida ta kama shi.